Abin da Ke Cikin Matashin Jirgin Ruwa

A Takeita, babban garin gundumar Garagumsa, inda hanyar Kance da Matamaye ta rabu da babbar hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, sabunta kujerar mota ko sirdin babur aiki ne na yau da kullum: a ɓamɓare tsohuwar leda, a yanka sabon soso, a ɗinke. A tudu wannan ya wadatar. Amma idan aka kai irin wannan aikin cikin jirgin ruwa, lissafi ya sauya, domin abin da aka cusa a matashin zai iya ƙara wa jirgi nauyi, zai kuma iya tallafe mutum a saman ruwa har taimako ya iso. Don haka a ganina, duk mai jirgin da zai cire tsofaffin matasai ya sa sababbi, wajibi ne ya fara tambayar abin da ke ciki kafin ya dubi launin leda.

Soso iri biyu ne. Akwai na katifa da kujerun ɗaki, wanda ƙananan ramukansa a buɗe suke, ɗaya na zarcewa cikin ɗaya, ruwa na shiga ya kori iska ya zauna. Akwai kuma wanda kowane rami a toshe yake da iskarsa a ciki, irin robar silifa, wadda ko ta kwana a tafki da safe a sama za a same ta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma abu yana samun tallafi ne daidai nauyin ruwan da ya ture. Matashi mai tsawon santimita 40, faɗi 40, kauri 5, yana cin wurin lita 8. In na toshe ne, zai ɗauki kusan kilo 8 kafin ya nutse. In na katifa ne, kusan wannan adadin zai sha. Kada a raina kilo 8, domin jikin mutum a cikin ruwa kusan shawagi yake yi da kansa, ɗan tallafi kawai yake nema kansa ya tsaya a waje. A Amurka doka ta tilasta wa yawancin jiragen da suka kai kimanin mita 5 su ajiye abin da za a jefa wa wanda ya faɗa ruwa, kuma matashi mai hannuwa biyu da ke ɗaukar wajen kilo 8 yana cikin abubuwan da aka amince da su.

Ranar da aka buɗe tsohon matashi ake ganin gaskiyar wannan magana. Ledar waje tana iya sheƙi, amma da an zare ƙusoshi sai warin ruɓa ya taso. Soso ya yi baƙi da funfuna, in an matsa ruwa ya tsattsafo, ƙusoshin sun narke da tsatsa, katakon ƙasa kuwa yana marmashewa a hannu. Ruwan ta kafar allura ya shiga, ya rasa mafita. Shi ya sa gwani ba ya yaga tsohuwar leda. Yana farke ta a hankali ta bakin ɗinki don ya auna sabuwa da ita. Yana ɗinki da zaren roba maimakon na auduga, ya huda katakon don ruwa ya tsiyaye, sannan ya ɗaure matashin da igiya mai saurin kwancewa. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci: matashin da aka kafe da ƙusa a jikin benci ba ya shanyuwa, kuma in jirgi ya kife tare za su tafi.

Wani zai ce soson toshe yana da tsada da wuyar samu. Haka ne, amma ƙasar Hausa tana da audugar rimi, wadda iyayenmu suka daɗe suna cusa wa matasai. Kowane silinta rami ne da iska a ciki, ga wani maiƙo a bayansa mai korar ruwa, kuma da ita aka cika rigunan ceto masu yawan gaske a lokacin yaƙin duniya na biyu. Sharaɗinta shi ne a rufe ta ruf a cikin leda, don man inji yana ɓata ta, yawan danna ta kuma yana rage mata ƙarfi. Fata dai ba za ta maye gurbin leda ba, domin duk da gwanintar dukawan Damagaram, ba ta jure jiƙewa da bushewa.

Akwai kuma mai cewa mu da ba mu da kogi, ina ruwanmu? Ai ɗan ci-rani da mai fataucin kifi daga wannan yanki suna kaiwa Difa da bakin Tafkin Chadi, suna ƙetare kogin Kwara a Yamai da Gaya, kuma a irin waɗannan jiragen suke zama. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa matashi ba zai hana jirgi kifewa ba, kuma ba ya maye gurbin rigar ceto. Wannan gaskiya ce tsantsa. Jirgin da ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba 2021, ya ci rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara, kuma an danganta haɗarin da lodi fiye da kima. Yaro ƙarami ba zai daɗe yana riƙe da matashi ba. Riga ce ke riƙe shi. To amma kafin riga ta ishi kowa, mazauni dole ne a kowane jirgi, kuma tilas wata rana a sabunta shi. Ina roƙon masu jirage da masu ɗinkin kujeru, idan wannan rana ta zo, kada su yarda soson katifa ya sake shiga jirgin da ke ɗaukar mutane.