Tashar Nukiliya Daga Azuzuwan Filinge Za Ta Fara

Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, amma har yau akwai ƙauyukan Kurfai, yankin Filinge, da in magariba ta yi sai tocila. Shi ya sa mutane suka kasa kunne da Nijar ta sa hannu kan takardar fahimtar juna kan makamashin nukiliya da kamfanin Rosatom na Rasha a Yulin 2025. Sai dai tashar nukiliya ba injin niƙa ba ce da za a sauke daga mota a tayar. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wadda tawagarta ta duba shirin Nijar a 2018, tana ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 kafin sabuwar shiga ta kunna tasharta ta farko. Ke nan wanda zai kama aiki a ranar, yau ɗalibi ne a Filinge ko Abala.

Kuma ba daktocin kimiyya kaɗai ake nema ba. Zafin uraniyom ke tafasa ruwa, tururi ya juya injin, don haka kaso mai yawa na aikin na masu hannu ne: mai walda da za a haska kowane ɗinkinsa da na'urar hoto a nemi tsaga, mai gyaran wuta, mai gwajin ruwa, mai auna tururin guba da 'yar na'ura maƙale a ƙirji. Muna da tushe, domin ga makarantar ma'adinai ta EMIG da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ga wata makarantar ma'adinai, EMAIR, a Agadas. Amma waɗannan ba sa ƙera ɗalibi, karɓarsa suke daga ƙasa. In rashin tsaro ya rufe lakwal a jihar Tilaberi, ko malamin lissafi ya yi ƙaranci, rijiyar ce ta ƙafe tun daga ido.

Wani zai ce ai Rashawa za su horar da mu. Za su horar da wanda ya riga ya iya lissafi. Shekara hamsin tare da Faransawa a Arlit ba ta kai mu ga sarrafa makamashin da kanmu ba. Wani kuma ya ce Kurfai rana gare ta, farantan sola take buƙata. Wannan magana tana da nauyi, kuma marigayi Abdu Mumuni ɗan Tasawa, wanda aka sa wa jami'ar sunansa, a kan hasken rana ya ƙarar da rayuwarsa. To amma yaron da ya ƙware a walda da wuta, ko ba a taɓa gina tashar ba, shi zai gyara famfon sola na garinsu, shi zai kula da na'urar hoton ƙirji a asibitin Filinge.