Hatimin Ƙwarewa a Harsuna Biyu: Yadda Amurka ke Karrama Ɗaliban Sakandare

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan wani tsari da jihohin Amurka ke bi wajen karrama ɗaliban da suka kammala sakandare da ƙwarewa a harsuna biyu ko fiye. Sunan tsarin da Ingilishi Seal of Biliteracy, wato hatimin iya karatu da rubutu a harsuna biyu. Hatimi ne da ake maƙala wa takardar shaidar ɗalibi, domin jami'a ko mai ɗaukar ma'aikata su gani. Abin da ya bambanta shi da sauran lambobin yabo shi ne, ana duba abin da ɗalibi zai iya yi da harshe ne, ko a aji ya koye shi ko a gaban mahaifiyarsa.

2.0 Asalin Tsarin

A shekarar 1998 masu jefa ƙuri'a a jihar Kalifoniya suka amince da ƙuduri mai lamba 227, wanda ya wajabta koyar da kusan dukkan darussa da Ingilishi. Wannan ya sa aka ɗauki 'ya'yan baƙi masu jin Sifaniyanci ko Sinanci a matsayin masu naƙasu da ke buƙatar gyara. A cikin wannan yanayi ne wata ƙungiya mai suna Californians Together ta ɓullo da hatimin a 2008. Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokarsa a 2011, kuma a 2012 aka ba ɗalibai fiye da 10,000. Jihar Niyok ta bi sahu, sannan saura suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 2024 da Dakota ta Kudu ta cika jihohi 50. Ita kuwa Kalifoniya, a 2016 ta janye mafi yawan takunkumin ƙudurin 1998.

3.0 Sharuɗɗan Samun Hatimi

Kowace jiha na da nata ƙa'idoji, amma sun haɗu a kan ginshiƙai biyu. Na farko, ɗalibi ya nuna ƙwarewa a Ingilishi. Na biyu, ya nuna ƙwarewa a wani harshe ta fuskar saurare da magana da karatu da rubutu. A Kalifoniya, alal misali, ana karɓar maki 3 daga cikin 5 a jarrabawar AP, ko maki 4 daga cikin 7 a jarrabawar IB. Jihohi da dama suna amfani da ma'aunin ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, ACTFL, mai matakai biyar, kuma galibi mataki na biyu suke nema. Wanda ya kai wannan mataki yana iya ƙirƙirar jimlolin kansa, ya yi tambaya ya ba da amsa, ya biya buƙatunsa na yau da kullum. Maganar hannu ta kurame ma tana cikin harsunan da ake karɓa. A wasu jihohi kamar Ilinoi da Minesota, hatimin yana iya rage wa ɗalibi kwasakwasan harshe a manyan makarantun gwamnati, wato ya rage masa lokaci da kuɗi.

4.0 Matsaloli

Duk da haka, tsarin bai kuɓuta daga suka ba. Matsala ta farko ita ce rashin daidaito tsakanin ginshiƙan biyu. Ɗan gidan da ake magana da Ingilishi matsakaiciyar ƙwarewa kawai ake nema daga gare shi a Faransanci, alhali ɗan baƙi sai ya kai matsayin abokan karatunsa a Ingilishi. Ta biyu ita ce jarrabawa. Harsuna kamar Sifaniyanci da Faransanci suna da tsayayyun jarrabawa, amma ga harsuna da yawa na Afirka da Asiya sai an nemo masu gwaji na musamman, ko a tattara ayyukan ɗalibi a auna. Ta uku, a jihohi da yawa shiga tsarin ganin dama ne ga hukumomin makarantu, don haka ɗalibin da hukumarsa ba ta shiga ba ya yi asara komai ƙwarewarsa.

5.0 Kammalawa

Wannan batu ya shafi masana harsunan Nijeriya kai tsaye. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta buƙaci yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Igbo da Yarabanci, ban da harshensa na uwa. Manufar ta dogara ne ga aji da malami, kuma ƙarancin malamai ya dabaibaye ta. Amma akwai ɗalibai masu tarin yawa a Jos da Legas da Sabon Garin Kano da suka tashi da harsuna uku ba tare da takardar da ta shaida haka ba. Darasin da ke cikin tsarin Amurka shi ne, shaida ba ta samuwa sai da ma'auni. Saboda haka aikin da ke gaban sassan harsuna na jami'o'i shi ne tsara matakan ƙwarewa da jarrabawar da za ta auna su, musamman ga harsunan da ba sa cikin manyan ukun.