Dublin ta Kudu maso Gabas: Mazaɓar da ta fitar da firaministoci biyu, ta kuma kayar da manya

Shekara 68 mazaɓar Dublin ta Kudu maso Gabas ta yi tana tura wakilai majalisar Dáil ta Jamhuriyar Ireland, daga 1948 zuwa 2016. Ta haɗa unguwannin masu hali irin su Ballsbridge da Donnybrook da unguwar ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Ringsend.

A Ireland mazaɓa ɗaya kan zaɓi wakilai da dama. Mai zaɓe yana jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma idan gwaninsa ya faɗi, ƙuri'arsa ta koma kan na gaba. Wannan tsari ne ya sa abokan hamayya ke raba kujerun mazaɓa guda, wadda ta fara da kujeru uku, ta koma huɗu a 1981.

A zaɓen farko, na 1948, ta zaɓi John A. Costello, wanda ya zama firaminista, da Dakta Noël Browne, wanda aka naɗa ministan lafiya a gwamnatinsa. Browne ya kawo shirin kula da lafiyar iyaye mata da yara kyauta, amma limaman Katolika da ƙungiyar likitoci suka ƙi amincewa. Ya ajiye aiki a 1951, kuma ba a jima ba gwamnatin ta rushe. Da Costello ya yi ritaya a 1969, mazaɓar ta zaɓi Garret FitzGerald, wanda shi ma ya yi firaminista sau biyu.

Sai dai girman muƙami bai taɓa zama garkuwa a nan ba. Michael McDowell ya ci kujera sau uku, ya kuma rasa ta sau uku. A 1997 John Gormley na jam'iyyar masu kare muhalli ya kayar da shi da ratar ƙuri'u 27 kacal, bayan an shafe kwanaki ana sake ƙirga. A 2007 Gormley ya sake kayar da shi, alhali McDowell na mataimakin firaminista. Shi ma Gormley ya sha ƙasa a 2011.

An soke mazaɓar ne lokacin da aka rage kujerun majalisar daga 166 zuwa 158. Tun zaɓen 2016, unguwanninta suna cikin sabuwar mazaɓar Dublin Bay South.