Santsin Jini da Ciwon Amosani

Duk wanda ya taɓa cin tuwon hatsi a Cadakori ya san bambancin lomar gaya da wadda aka dangwala cikin miyar kuɓewa. Ta farko sai an yi ta fama da ita, ta biyu kuwa kafin mutum ya ankara ta wuce. Dalili shi ne maƙoshi nama ne mai saki da tsukewa, kuma miyau da yauƙin miya na shiga tsakanin loma da bangonsa.

To, irin wannan aiki na gudana cikin jikinmu dare da rana inda ido ba ya gani. Jijiyoyin jini na rarrabuwa kamar saiwar itace har su fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ƙwayar jini ja, wadda faɗinta kamar kashi 8 ne cikin 1000 na milimita, wani zubin ta kan fi hanyar faɗi. Sai ta lanƙwashe, ruwan jini ya shimfiɗu tsakaninta da bangon jijiya, ta zurara ba tare da gugar bango ba. A shekara ta 1968 wani masanin lissafi na Ingila, James Lighthill, ya rubuta lissafin wannan tafiya.

Ga mai amosanin jini, wato sikila, abin ba haka yake ba. Idan iskar numfashi ta yi ƙaranci cikin jininsa, ƙwayar sai ta sandare, ta ɗauki siffar lauje, siffar da likita James Herrick ya bayyana a Shikago ta Amurka a 1910. Ba ta lanƙwasa, ga ta da maƙalewa. Sai ta tokare, na baya su taru, naman da ke gaba ya rasa jini. Shi ne ciwon ƙashin da ke hana yaro barci, shi ne kumburin hannu da ƙafa na jarirai. Lafiyayyar ƙwaya na yin kwana 120. Wannan kuwa daga 10 zuwa 20.

Ba maye ba ne, ba iskoki ba ne, gado ne. Idan uwa da uba duka na ɗauke da irin cutar, ko da su kansu lafiya lau suke, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4. Gwajin jini a likita kafin ɗaurin aure ke nuna haka.

Abin da ya fi damunmu shi ne ruwan sha. Ƙishirwa na kaurara jini, ga zafin Afrilu da Mayu a jihar Maradi. Kada a tura irin wannan yaro kiwo tsakar rana babu gora. Malaman lakkwal su bar shi ya sha ruwa cikin aji, su ƙyale shi ya fita fitsari, don ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran yara. Da hunturu a lulluɓe shi. Idan jikinsa ya yi zafi kuwa, a kai shi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.