Léon Pales: likitan tiyata da ya koyi karanta duwatsu

Wanda ya saba tsaga jikin mutum yana ɗinkewa ba ya kallon ƙashi kamar sauran jama'a. Da ya ɗauka zai gane karayar da ta ɗoru a karkace, da gaɓar da ciwo ya cinye, ko da mai ƙashin ya yi shekara dubu a ƙasa. Wannan idon ne ya kai Léon Pales daga ɗakin tiyata zuwa kogon dutse.

An haife shi a Tuluz ta Faransa a 1905, ya yi karatu a makarantar likitocin soja ta Bordo. Tun yana saurayi, a 1930, ya fitar da littafi kan cututtukan mutanen dā kamar yadda suke bayyana a ƙasusuwansu. Daga nan aka tura shi ƙasashen tsakiyar Afirka da Faransa ke mulka, har da Chadi, inda likita ɗaya kan zama mai fiɗa, mai ɗori, kuma mai karɓar haihuwa.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka ba shi jagorancin bincike daga Dakar kan abinci da lafiyar mutanen Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda Nijar ke cikinta a lokacin. Ya tattara rahotannin 1948 da 1950 kan maƙoƙo, ciwon da ƙarancin aidin ke kawowa, aiki mai amfani ƙwarai. Amma a cikin binciken nan ne aka yi ta awon kawuna da jikkunan talakawa don rarraba su jinsi-jinsi, ba tare da an nemi yardarsu ba. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma bai kamata a rufe shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikinsa na tsufa. A 1937 aka gano cewa kogon La Marche a yammacin Faransa cike yake da fale-falen duwatsu masu zanen da ya kai shekara 14,000. Zanen ya hau kan zane, layi ya ratsa layi, har wasu masana suka yi shakkar fuskokin mutanen da aka ce an gani. Pales da abokiyar aikinsa Marie Tassin de Saint-Péreuse suka zauna da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Su haska fitila ta gefe don tsagar ta fito, su danna abu mai laushi ya ɗauki sawunta, sannan su bi kowane layi daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare. Inda wani ya ce ga zaki, likitan sai ya duba ko kafaɗa da muƙamuƙi sun zauna inda halitta ta ajiye su. Littafi huɗu suka fito: na zakuna da beyar a 1969, na mutane a 1976, na dawaki da shanu a 1981, na ƙarshe a 1989, shekara guda bayan rasuwarsa.

A Nijar ma, yankin Damargu na da abin da zai cinye rayuwar mutum irinsa. A tuddan Tanut akwai dodon-koɗin teku da ya zama dutse, shaidar cewa ruwan gishiri ya taɓa rufe wurin fiye da shekara miliyan 90 da suka wuce. A 1943 aka raɗa wa wani nau'insa suna Nigericeras.  Masu haƙar rijiya a Tanut da Belbeji kan ci karo da katanga ko ƙashi, sau da yawa a jefar a ci gaba da aiki.

Ba ina nufin ma'aikatan lafiyarmu su bar marasa lafiya su kama haƙa ba. Tono ba bisa ƙa'ida ba shi ya wawushe tsofaffin makabartun Bura bayan binciken masani Boubé Gado na 1983, kuma dokar Nijar ta 1997 ta hana shi. Amma likita ko malamin makaranta na iya barin abu inda yake, ya ɗauki hoto, ya rubuta sunan gari da zurfin ramin, ya aika wa cibiyar bincike ta IRSH a Yamai.