Ƙofofin Kano Da Ayarin Gwanja Ya Bi

Da yawa daga cikinmu mazauna zango a nan Gana, idan aka bi salsala, kakanninmu fatake ne da suka baro Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini, suka nufo Salaga neman goro. Kafin su kama wannan tafiya ta watanni, sai sun fita ta ɗaya daga ƙofofin ganuwar birnin.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwar, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi inda fatake ke haɗa kaya. An yi ƙofofin matsattsu da gangan, domin mahara kada su shigo a tare. Ƙyauren katako ne mai kauri da aka ɗaure da ƙarfe, a waje ga gwalalo cike da ƙaya. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. Da magariba yakan rufe, ba ya buɗewa sai gari ya waye, don haka madugun da ya makara sai ya kwana waje da ayarinsa komai arzikinsa. Dattawanmu sun haddace sunayen: Ƙofar Mata mai marina, Na'isa, Nasarawa, Wambai, Mazugal, Ɗan'agundi, Kansakali, Dukawuya da Kabuga. Ta wajen waɗannan biyun na ƙarshe sojan Ingila suka far wa birnin a 1903.

Abin takaici, ɓarnar da aka yi wa ganuwar a zamanin zaman lafiya ta fi ta yaƙi. Masu gini sun yi ta ɗibar ƙasarta, wasu sun kafa gidaje a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake ta da siminti. Mota ta sami hanya, amma mu a ganinmu wannan ba ita ce ƙofar da kakanninmu suka ratsa ba. Tun 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da ake nema wa amincewar UNESCO, rushewar kuwa ba ta tsaya ba.

Wanda Allah ya kai shi Kano ziyarar dangi, ya daure ya kai yara Gidan Makama kusa da fadar Sarki. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin a ajiye can.