Birki da Giya: Yadda Ake Rage Gudun Babur

Babur ya zama ƙafar jama'a a ƙasar nan. Da shi manomi ke kai amfanin gonarsa kasuwa, da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi kuma ɗan acaɓa ke ciyar da iyalinsa. Amma da yawa daga cikin masu hawa sun koyi tashi da gudu, ba su koyi tsayawa ba, alhali kuwa a wurin tsayawa ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. An shirya wannan takarda ne domin a bayyana wa mai babur hanyoyi biyu na rage gudu, watau ta birki da ta inji, da kuma inda kowace ta dace.

YADDA INJI KE RAGE GUDU

Sa'ad da ka saki totur, babur yana cikin giya, ba ka kuwa kama kuloci ba, za ka ji kamar ana janyo shi baya. Dalili shi ne hanyar da iska ke bi ta shiga inji ta kusa rufewa, fistin yana ta faman zuƙo iska ta 'yar ƙaramar kafa. A wannan hali ba inji ke juya ƙafar baya ba, ƙafar ce ke juya inji ta hanyar sarƙa, shi kuwa inji yana turjewa. Wannan turjiya ita ce ake kira birkin inji. Tana ƙaruwa in giya ƙarama ce: a giya ta biyu ta fi ƙarfi bisa ga ta huɗu. Da zarar ka kama kuloci, ko ka sa babur a firi, to, ka raba inji da ƙafa, turjiyar kuma ta tafi gaba ɗaya.

YADDA BIRKI KE AIKI

Babur yana da birki biyu: na gaba a hannun dama, na baya a ƙafar dama. In aka taka birki, nauyin babur da na mahayi yakan koma gaba, tayar gaba ta danne ƙasa sosai, ta baya kuwa ta yi sakayau. Saboda haka birkin gaba shi ne mai yawancin ƙarfin tsayarwa, kimanin kashi 70 cikin 100 a bisa busasshiyar kwalta. Akwai masu tsoron wannan birki, wai yana kifar da mutum, har wasu sukan bar shi a kwance. Wannan kuskure ne babba. Fizgar birkin gaba ita ke kayarwa. Wanda ya matsa shi a hankali, sa'an nan ya ƙara ƙarfi, zai tsaya lafiya.

Ka lura da wannan bambanci ƙwarai: birkin inji ƙafar baya kaɗai yake riƙewa, watau ƙafar da ba ta da nauyi a lokacin tsayawa. Aikin inji riƙe gudu ne, aikin birki kuwa tsayarwa.

INDA INJI YA FI AMFANI

Birki yana aiki ne da gugar ƙarfe, guga kuwa tana haifar da zafi. In mutum ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga kan tudu har gindinsa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa kamar yadda ya saba, ko da an taka shi iya ƙarfi. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko ya sauko daga tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ko dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba, ya san gangarar da ba ta ƙarewa da wuri, ga kwana bayan kwana. A irin waɗannan wurare ka rage gudu tun kana sama, ka sa ƙaramar giya, wadda da ita za ka hau tudun in da hawa kake yi. Inji zai riƙe babur, kai kuwa ka riƙa taɓa birki kana saki, domin ya sami damar hucewa. Wanda ya ɗauko fasinja ko buhunan hatsi, shi ya fi kowa bukatar wannan dabara.

KASHE INJI A GANGARA

Tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, tsadar mai ta sa wasu suna kashe inji ko su sa firi a gangara, wai suna tattali. Man da inji ke sha sa'ad da totur ke rufe ɗan kaɗan ne, bai kai a sayar da rai saboda shi ba. Mai yin haka ya bar wa birki dukan nauyi, in kuwa wata mota ta taso masa, ba shi da ƙarfin da zai kauce da shi. In kuma ya tsorata ya jefa giya babur yana cikin gudu, ƙafar baya tana iya cijewa ta watsar da shi.

INDA BIRKI BA SHI DA MADADI

Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da babur yakan ninka huɗu. Saboda haka in yaro ya faɗo titi, ko akuya ta gitta, babu lokacin lissafin giya. Ka saki totur, ka matsa birki biyu tare, ka kama kuloci kafin inji ya mutu, idonka yana kallon inda kake so ka bi.

TSAYAWA TA YAU DA KULLUM

In ka hango mararraba ko shingen jami'an hanya, ga yadda za ka yi:

1. Ka saki totur tun da nisa.
2. Ka matsa birkin gaba da na baya a hankali.
3. Gudu ya ragu, ka kama kuloci, ka sauke giya ɗaya, ka ɗan taɓa totur, sa'an nan ka saki kuloci sannu a hankali.
4. Ka ci gaba da saukewa ɗaya bayan ɗaya, yadda in hanya ta buɗe kana cikin giyar da za ka tashi da ita.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na farko, birkin inji ba ya kunna jar fitilar baya. Direban da ke bin ka ba zai san ka rage gudu ba. Ka riƙa taɓa birki ko da kaɗan domin fitilar ta sanar da shi, ka kuma tabbata tana kamawa kafin ka bar gida.

Na biyu, kada ka tsallake giya, kamar daga ta huɗu zuwa ta ɗaya. Inji zai yi kururuwa, ƙafar baya ta ja ƙasa, musamman a kan yashi, ko tsakuwa, ko kwaltar da ruwan farko na damina ya jiƙa.

Na uku, ka gama rage gudu da canjin giya kafin ka shiga kwana. Sauke giya babur yana karkace yana sa baya ta zame.

Na huɗu, ka san irin injinka. Yawancin baburan haya na yanzu, irin su Bajaj Boxer, suna da bakin mai a ma'ajinsa dabam, kuma injinsu yana riƙo sosai. Amma tsofaffin babura irin su Vespa ta da, waɗanda ake gauraya musu baƙin mai da fetur a tanki, riƙonsu kaɗan ne. Ban da haka, in totur ya daɗe a rufe, man da ke shafe fistin ba ya isa, inji yana iya cijewa. Mai irin wannan babur ya fi dogara ga birki, ya riƙa ɗan buɗe totur jefi-jefi a doguwar gangara.

JAWABIN ƘARSHE

Wasu sukan ce rage gudu da giya yana ɓata inji. In an yi shi bisa ƙa'ida, ba ya ɓata kome. Wasu kuma sukan guji birki don kada ya cinye, sun manta gyaran birki ya fi gyaran giya araha, dukansu biyu kuwa sun fi kuɗin asibiti sauƙi. Ka nemi fili marar jama'a ka gwada waɗannan dabaru har hannunka da ƙafarka su saba. Ka kai babur wurin bakanike a duba birki da sarƙa a kai a kai, ka sa hular kwano, fasinjanka ma ya sa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Iyalinka suna jiran ka a gida.